Kundin Arzika

Kundi goma sha ɗaya Arzika ya bar min,
da makullai tara, da bashin mai siminti.
Masaukinmu na kan hanyar Matan Fada:
ɗaki tara, rijiya, mangwaro guda.
Duk baƙon da ya kwana sai ya rubuta shi,
suna, gari, kwana nawa, abin da ya kawo shi.
Ni kuwa na ɗauke su abincin gara.

Luba ta dawo daga Birnin Kebbi da kwamfuta a jaka,
ta kakkaɓe su tana atishawa.
Wata biyu ina karantowa, tana bugawa,
in an ɗauke wuta mu tsinci shinkafa.
Na ce, "Ɗiyata, lissafin dokin Rano kike."
Ta ce, "Inna, bari ruwa ya kwanta, a ga kifi."

Ranar da ta juyo min da fuskar na'ura
sai ga sanduna jere, dogo da gajere,
kamar dangar da akuya ta yi wa ɓarna.
Ni da nake rantsuwa da bikin su muke ci,
ashe kwana huɗu ne, kumfa ce,
ganga na yin shiru ta baje.
Masu riƙe da tukunyarmu fataken shinkafa ne
da ke zuwa bayan yanka, ba kiɗa, ba waƙa,
sai malaman da ke kawo yara gidan tarihin Kanta
ran Alhamis, su roƙi rangwame, in murtuke fuska.
Ta fara ƙirga nawa na kora.
Na ce ta bari.

Ɗaki na shida.
Cikin ɗari da suka kwana, bakwai suka dawo.
Na sha yi masa hayaƙi, na zargi mutanen ɓoye.
Luba ta zaga bayan taga, ta ƙwala min kira:
janareta ne ke tari a kunnen baƙo har asuba.
Kakale ya ja shi gindin mangwaro,
aljanun suka bi shi.

Arzika kan ja layi ƙarƙashin wanda ya ci girkin gida.
Ban taɓa tambayarsa dalili ba.
Yanzu layukan sun yi baki:
wanda ya sha farfesun giwan ruwa
yakan ɗaga tafiyarsa zuwa jibi.
Hannuna ke tsare baƙi shekara da shekaru,
ni ina tsammani fenti ne.

Muka sassauta kuɗi da damina,
muka daina tara katifu don kwana huɗu.
Mai siminti ya koma gaishe ni da fara'a.

Sai wani ɗigo, can gefe, shi kaɗai,
kamar tsakuwa a faifai.
"Inna, Jabbi na Kamba. Sau goma sha ɗaya,
duk cikin Agusta, ɗaki na uku,
gurbin kuɗi kuma sifili.
Kuskuren Baba ne. In share?"

Na riƙe hannunta.
Shekarar da gulbi ya shigo gari da dare
kina wata biyar, ruwa iya ƙirji,
wani Basarke ya karɓe ki a cikin ƙwarya
ya aza a jirginsa, bai tambayi ɗiyar wa ba.
Ubanki ya ce muddin akwai rufi a gidan nan...
Bai ƙarasa ba. Bai cika ƙarasa magana ba.

Ta daɗe tana kallon sifilin,
zagaye, kamar bakin ƙwarya.
Ta bar shi inda yake.

Kundi na sha biyu ni ke rubuta shi,
da hannuna mai karkata kamar na kaza,
ita ta kwashe ran Juma'a.
Gobe Alhamis. Mota biyu daga Jega.
Kakale, zannuwan gadon nan sun bushe kuwa?